Jajayen Kajin Inna

Tawa, 9 ga Nuwamba 2023

Ƙanwata Haula,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara.

Tun ranar da aka raba kayan Inna abin nan yake cina. Ina Yamai ina koyar da ƴaƴan wasu, ƙanenmu Arzika ya kwashe jajayen kajinta duka ya kai gidansa, wai ɗan lakwal, wato ɗan boko, ba ya kiwo. Waɗannan kajin ne Inna take ba kowane jika guda ranar sunansa. Ƴaƴana kaɗai ba su samu ba. Ban manta ba, shi ya sa har yau ba ma magana.

Yanzu da na bar aiki, kiwon kaji ne ke ciyar da ni, don abin da gwamnati ke ba ni ba ya kai tsakiyar wata. Zakarana ya tsufa, ina son sabon iri. Na bi gidajen masu sayarwa daga nan har Barmu, ina buɗa fiffike ina duba ido da baki, ban ga wadda ta kama ƙafar na Inna ba.

Ki saya mini zakara da kaji mata daga wurin Arzika. Kada ki ambaci sunana, ba zan roƙe shi gadon uwata ba. Takarda na rubuto don wayarki kowa na gidan yana jin ta.

Allah ya bar zumunci.
Yayanki, Muktari

Afala, 16 ga Nuwamba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, sai sanyi.

Kai dai da zuciya! Gemu ya yi fari, har yanzu kana gaba a kan kaji. To, an yi. Na ce masa wani mai gasa kaji ne a tashar Tawa yake so. Ko ciniki bai tsaya yi ba, shi da kansa ya kama su ya ɗaure, har ya ƙara biyu kyauta. Ban taɓa ganin hannun Arzika ya buɗe haka ba. Suna cikin kwando wurin Issouf direba.

Ka gaida uwargidanka Fa'iza, ka ce ina nan tafe cin ƙwai.
Haula

Tawa, 24 ga Nuwamba

Haula,

Bayan gaisuwa. Me kika aiko mini?

Da na buɗe kwandon na ga jan nan nasu, sai na ga kamar Inna ce za ta fito da ƙwaryar dawa. Baƙuwar kaza ware ta nake yi sati biyu, amma na gidanmu ai ba baƙi ba ne. Na sake su cikin nawa.

Shekaranjiya na tarar da zakaran yana gyangyaɗi, fikafikai a sake, wuya ya murɗe yana kallon sama. Zawo kore ko'ina cikin akurki. Yau nawa sun fara faɗuwa, Fa'iza tana kwasa tana kuka. Likitan dabbobi ya zo ya ce allurar kafin ciwo ake yin ta, yanzu ba abin da zai iya.

Arzika ya san ni ne? Da gangan ya yi? Ki gaya mini gaskiya.

Muktari

Afala, 27 ga Nuwamba

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na tafi gidansa da takardarka, na ce, "Arzika, kajin nan na Yaya ne." Sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya ce, "Haula, kin kashe ni. Ba ke kika ce na yanka ba ne?"

Ashe ciwon ya riga ya shiga unguwarsu. Ka san yadda ake yi a nan: da an ga kaza ɗaya ta sunkuyar da kai, kowa sai ya yi maza ya sayar da sauran ga masu gashi, a yi shiru kada farashi ya faɗi. Ni ma ba a gaya mini ba. Ya ce da ya ji sunanka da ko gashinsu bai bari ya hau mota ba. Ya ce duk shekara yana ware maka zakara, yana jiran ka aiko ka ce kana so, kai ne babba. In ba ka aiko ba sai ya yanka da salla.

Nasa sun ƙare tas. Na jikokin Inna ma duk sun tafi. Yana tambaya ko akwai wadda ta tsira wurinka, ko ɗaya ce, ko ƙwai. Don Allah ka amsa masa da kanka.

Ƙanwarka, Haula

Tawa, 3 ga Disamba

Arzika,

Assalamu alaikum. Ina gaida iyalinka.

Ba su kai ga yin ƙwai ba. Nawa sun mutu duka. Ja ɗaya ta rage, na sa ta cikin ɗakina ina ba ta ruwa da cokali. Ta mutu jiya da hantsi, na binne ta bayan gida.

Irin kajin Inna ya ƙare.

Allah ya ba mu haƙuri.
Yayanka, Muktari