Gishiri a Kofin Niyazi

Litinin, 27 Janairu 2014

An soke ta! Ina tsakiyar yi wa wani aski a shagona rediyo ya ce majalisarmu ta Lefkoşa, a nan Arewacin Cyprus, ta soke dokar ɗaure namiji don ya so namiji. Saura kaɗan in yanke kunnen bawan Allah. Na shiga banɗaki na kira Niyazi, muka yi ta dariya kamar zautattu. Shekara shida muna tare, ban taɓa kiran sunansa da ƙarfi ba.

Talata, 28

Shago ya cika da zancen. Kawu Hüdaverdi, kumfa har kunne: "Majalisa ta yarda, ni ban yarda ba." Direba Özkan ya ce, "Kawu, kwantar da hankalinka, da wannan tumbin ba mai nemanka." Har ni na yi dariya.

Juma'a, 31

Na gaya wa Mama zan zo da Niyazi cin abinci ranar Lahadi, kuma ba abokin aiki ba ne. Ta daɗe tana goge tukunyar da ta riga ta bushe. "Yana cin lalo?" Abin da ta ce ke nan. In ta kore shi, ban san gidan da zan zaɓa ba.

Lahadi, 2 Fabrairu

Niyazi ya zo da alewar baklawa, ya sumbaci hannun Mama ya kai goshi. Ba ta janye ba, ba ta kuma dube shi ba. Muka ci miyar lalo da naman rago.

Sai ta kawo kofi. Kurɓar farko na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya shanye tas, ya ce, "Hannunki da albarka, Mama." Na lashi gindin kofinsa. Gishiri!

A nan kowa ya san wanda ake zuba wa gishiri a kofi: mai neman aure, ranar da ya zo tambaya, a ga ko zai daure. Na bi Mama kicin. Ta ce, "Gwangwanayen ne suka yi kama, kar ka dame ni." Na sukari ja ne, na gishiri fari, tun ina yaro.

Murna kamar ta kashe ni.

Laraba, 5

Mama ta kira. "Ce wa wannan mutumin naka ya zo ya duba min famfo. Amma ku biyo ta ƙofar baya, maƙwabta su Sevgül na zaune a ƙofar gaba."

Na ce to.

Ban san yadda aka yi ba, ta gaba muka bi. Mata huɗu, kofuna a hannu, hira ta tsaya cak. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na ce, "Wannan Niyazi ne." Hanyar ta fi kusa ne kawai.