Ƙodar Yumɓu Ba Tsafi Ba Ce

Zuwa ga Shugabar makarantarmu ta koyon aikin lafiya, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da iyali. Sunana Saratu, 'yar ajin farko, wadda aka liƙa sunanta a allon sanarwa cewa an dakatar da ita saboda ajiye kayan tsafi a ɗakin kwana. Na je ofishinki aka ce kina taro, na koma aka ce kin fita. Tunda a bainar jama'a aka ɓata mini suna, a bainar jama'a zan wanke shi.

Na ɗaya, ga asalin kayan. Da na zo daga ƙauyenmu na wajen Kwali, darasin kalmomin likitanci ya kusa kora ta gida. Kalma ɗaya sai ta cinye rabin layi, in karanta ta da safe, kafin azahar ta gudu. Malaminmu ya ce kowace doguwar kalma guntaye ne aka harhaɗa, wanda ya riƙe guntayen ya gama. Ni kuwa kaina ba ya riƙe abin da hannuna bai taɓa ba. Mahaifiyata maginiyar tukwane ce, a gabanta na tashi, kuma ina alfahari da hakan.

Da na je hutu sai na ɗebi yumɓunta, na buɗe hoton da ke littafinmu, na gina ƙoda. Tun tana ɗanya na sa tsinken tsintsiya na rubuta nefro a jikinta. Na gina hanta na rubuta hefato, zuciya kuma kadiyo. Na yi 'yan fale-falen yumɓu na wutsiyoyin kalmomi, irin su aitis, wato kumburi. In na ajiye aitis kusa da ƙoda, ga kumburin ƙoda nan a gabana, ba sai na yi ta haddar dole ba. Mama ta gasa su tare da tukwanenta, tana ta dariya wai hantar tawa ta fi kama da doya.

Na biyu, yadda aka yi mini. Ranar duba ɗakuna ina aji, mai kula da ɗakin kwananmu ta jawo kwandon da nake ajiye su a ciki daga ƙarƙashin gadona. Waɗanda ke wurin sun ce ta yi tsalle baya tana cewa, "Wannan yarinya juju ne yake yi, ga zuciyan mutum har da rubutu!" Ko taɓawa ba ta yi ba, mai gadi ta kira ya ɗauka da sanda. Kwamiti ya zauna, ya yanke hukunci, ba wanda ya kira ni. Ranki ya daɗe, rubutun nan da ya tsorata su, shi ne dai wanda ake rubuta mana a allo kullum. Da mutum ɗaya ya sunkuya ya karanta, da magana ta ƙare a nan.

Na uku, ba ni kaɗai na amfana ba. 'Yan ɗakinmu da na maƙwabta sun sha zuwa aron ƙoda da huhu kamar masu aron ludayi. Yau duk sun yi shiru, kuma ban ga laifinsu ba, kowa tsoron allon sanarwa yake ji. Amma a tambayi malamin darasin. Ni da nake can ƙasa a gwajin farko, a na biyu sunana ya fara kira, har ya sa aka tafa mini. Wallahi ranar na ji daɗin da ban taɓa ji ba.

Mako mai zuwa za a yi jarrabawar wannan darasi. Wanda bai rubuta ba sai ya maimaita shekara, kuma ni ce ta farko a gidanmu da ta taka irin wannan makaranta.

Don haka ina roƙo a janye dakatarwar kafin ranar. A kawo kwandon gabanki, a kira ni, ki ɗaga duk wanda kika ga dama ki tambaye ni. A kuma cire sunana daga allo, a liƙa gaskiyar magana a gurbinsa. Ba na neman a hukunta kowa, mai kula da ɗakinmu ma tsoro ne ya ja ta. Amma ba zan ba da haƙuri a kan laifin da ban yi ba.

Ranar jarrabawa zan zo bakin ƙofa da sassafe, da fararen kayana a goge da biro a hannu. Na yi karatuna, na shirya. Ko mai gadi ya buɗe mini ko ya bar ni a waje, da umarninki zai yi.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya yi miki jagora, ya sa ki gama da shugabancin nan cikin mutunci.

Wassalam.

Ɗalibarki,
Saratu.