Turarena ke kashe AC, amma mai gyara ake zagi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi abin nan ya hana ni sakat.

Muna zaune a garin Laurel a Amurka ni da maigida da yara. Ina haɗa turaren wuta ina sayar wa matan nan, kuma kun san turare sai an ɗana a garwashi an ji ƙamshinsa kafin a ba mutum. Tun da muka tare maigida ya ce kar in ƙara kunna garwashi a cikin gida, gidajen ƙasar nan katako ne. Na ce to. Amma da ya fita aiki sai in sauka besmen, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa, in yi abina, a can kuwa injin AC da hita yake.

Da zafi ya shigo AC ya daina sanyi. Kamfanin da muka fara kira, kuɗin zuwa su duba kawai sai da maigida ya yi salati, shi ne aka haɗa mu da wani bawan Allah ɗan Maraɗi da suke masallaci ɗaya, bari in kira shi Malam Idi. Ya gyara, kuɗinsa da sauƙi. Ba a jima ba AC ɗin ya sake tsayawa. Da Malam Idi ya dawo maigida ba ya nan, ya zaro filta ya nuna min, baƙi ƙirin, har danƙo yake. Ya ce Hajiya hayaƙin turarenki injin ke zuƙa, ko ki daina ko ki riƙa canza filta a kai a kai. Ni kuma bakina bai da birki, na roƙe shi da girman Allah kar ya faɗa wa maigida. Ya ce ba zai shiga tsakanin miji da mata ba.

Na daina? Ina! Lokacin bukukuwa ne, oda ta yi yawa, filtar ma na manta da ita. Injin ya sake lalacewa, wannan karon har da ruwa a besmen. Maigida ya kira shi a gabana ya wanke shi tas, wai bai iya aiki ba, yana lalatawa ne don a sake kiransa. Mutumin nan haƙuri kawai yake bayarwa, ni ina tsaye kamar an dasa ni. Maigida bai tsaya nan ba, ya rubuta a gurup ɗin masallaci cewa a yi hattara da shi. Yanzu ga sanyi ya kusa, lokacin da kowa ke neman mai duba hita, matar Malam Idi ta ce min gidajen da yake yi wa aiki duk sun janye. Tana faɗa min tana kuka, ba ta san ni ce sila ba.

Kunya da tsoro sun cika ni. Maigida yana iya yafe komai ban da a mayar da shi wawa, ga shi ya zagi mutum a bainar jama'a saboda ni.

Jiya na buɗe ƙofa na tarar da sabuwar filta a jingine, ba wanda ya ƙwanƙwasa, amma na san Malam Idi ne ya ajiye ta. Har yanzu tana bayan ƙofa, na kasa sauka da ita.

'Yan uwa ta ina zan fara faɗa wa maigida? Kuma in na faɗa, wa zai dawo wa Malam Idi da sunansa?