Gurbin Muryar Mama

Unguwar Boro, Kaduna.

Zuwa ga yayana Sylvanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Debby da ɗana Benjamin. Ina roƙon Allah ya ƙara muku ƙarfi a ƙasar sanyin nan ta Kanada da kake ba mu labari, ya sa albarka a aikin hannuwanku, ya tsare fitarku da shigarku. Mu ma nan lafiya lau muke. Damina ta zauna sosai, masarar da Kawu Bulus ya shuka a Kakau har ta fi shi tsawo, kogi kuma ya cika, idan ka hau gada ka leƙa sai ka ga kamar ba ya tafiya. Na san za ka yi mamakin doguwar wasiƙa alhali kullum muna waya. To, a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, ni kuwa wannan zancen ina so in kai ƙarshensa.

Maganar Mama ce. Ka san tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, ƙafa ta dawo, hannu yana dawowa a hankali, amma magana ta ƙi. Babbar wayar da ka aiko ta iso lafiya, tare da bidiyoyin koyon magana da ka zuba a ciki, kuma mun gode. Kowace safiya ina jingina ta da gwangwanin madara a gabanta. Baturiyar da ke cikin bidiyon takan buɗe baki ta nuna harshe, ta ce a maimaita, Mama kuma ta yi ta kallonta cikin ladabi kamar yadda ake sauraron baƙuwa. Idan ta gaji sai ta sa hannunta mai lafiya ta kife wayar. Kwanaki suka yi ta tafiya a haka, har ta daina ko gwada motsa leɓe. Gaskiya na tsorata, Yaya, domin na ga alamar ta haƙura da magana gaba ɗaya.

Da la'asar ina fito da ita ƙarƙashin gwaibar tsakar gida. Takan zauna tana kallon wajen Kakuri, ni kuma ina gefenta ina gyaran wake, hankalina ya tafi can baya. Sai in riƙa jin jiniyar masaƙa ta lokacin da muke yara, in ga marigayi Baba yana turo kekensa da auduga a gashinsa, Mama kuma ta fito cikin ankon zumunta za ta coci, tana gwada sabuwar waƙa tun daga bakin ƙofa. Ka tuna ita ke ba da waƙa a zumuntar mata, sauran su amsa. Ka tuna yadda muke jiyo muryarta tun daga bakin titi, kai kana ɓuya don kunya, ni ina taƙama. Wani lokaci idan iska ta kaɗa ganyen gwaibar nan sai in ji kamar ta fara, in ɗago da sauri, in tarar bakinta a rufe.

Wata Laraba Mama Edith, shugabar zumuntarsu, ta zo gaisuwa ta ga wayar a kife. Ta tambayi yadda ake ɗaukar murya, na nuna mata. Bayan kwana biyu sai ga saƙo ya shigo, matan sun taru a coci sun ɗauki waƙoƙinsu. Na kunna, na ji kiɗan tulu da caki suna tafiya daidai, mata suka amsa, sai shiru, kiɗa kawai, can kuma su sake amsawa. Na ɗauka saƙon ne ya lalace a hanya, har na kira Mama Edith da ɗan zafina na ce su sake. Ta yi mini dariya, ta ce babu abin da ya lalace. Ta ce a zumuntarsu ba a hawa gurbin mai ba da waƙa tana da rai, yin hakan kamar an yi mata bankwana ne. Tun da Mama ta kwanta, waƙoƙin wasu suke yi a coci, nata kuwa sun ajiye mata. Da suka zo ɗauka, babu wadda ta yarda ta ja, shi ya sa suka yi amshi kawai suka bar mata wurinta.

Na kai wayar ƙarƙashin gwaiba na kunna, ba don ina sa ran komai ba. Da farko yatsunta ne suka fara bin tulun a kan cinya. Gurbi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, na ga ƙirjinta yana ɗagawa kamar mai shirin tashi. Ka san Mama, ba ta iya ganin aiki a yashe ta wuce. Mata suna jiranta a cikin waya, ita kuma ta yi shiru? A gurbi na gaba wani sauti ya fito, a shaƙe, ba kalma ba ce, amma a kan lokaci ya faɗo daidai. Na bar waken ya zube, na zauna a ƙasa ina kuka, ita kuwa ko kallona ba ta yi ba, tana jiran gurbi na gaba.

Yanzu wannan ce makarantarta. Da kanta ta koyi inda ake dannawa a mayar da waƙa baya, kuma idan na taɓa wayar sai ta harare ni. Kalmomi sun fara fitowa cikin waƙa, daga nan suna gangarowa cikin magana ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ruwa. Ta ce amin. Ranar nan ta kira sunana, a karye, amma nawa ne. Mai yi mata gashi a asibiti ya ce mu ci gaba, kada mu gaggauta ta. Har na fara mafarkin ido biyu, ina hango ta ranar bikin godiya ta girbi a tsaye gaban mata, ɗankwali a karkace, ɗanka yana kallo ta waya daga can.

To ga abin da ya sa na rubuto. Duk sanda ka kira, kana gaishe ta, kafin ta buɗe baki ka riga ka amsa mata, ka wuce labarin aiki da dusar ƙanƙarar da kuka sha a hunturu, bakinka kamar rediyo. Na san tsoron shirun kake yi, ba ka so ta ji kunya, kuma ba na ganin laifinka. Amma bayan ka kashe takan daɗe riƙe da wayar, ranar kuma ba ta taɓa darasi. Abin da ba ka sani ba, kwana da kwanaki tana fama da sunanka. Baba ya ɗora maka suna mai nauyi, harshenta yana tuntuɓe a tsakiyarsa, sai ta sa shi cikin karin waƙa ta ja shi a hankali har ya fita. Jiya ya fita duka, ta dube ni ta nuna wayar. Ba ni take so in ji ba.

Saboda haka ranar Lahadi idan ka kira, ka ce sannu Mama, ka tsaya nan. Kada ka tambaye ni ko layi ne ya yanke, kada ka yi tari, kada ka taimake ta. Ko shirun ya yi tsawon da zai sa ka zufa a ƙasar sanyin nan taku, ka daure, Yaya. Tana zuwa.

Kawu Bulus yana gaishe ku, Mama Edith da matan zumunta ma haka. Ka gaishe mini da Anti Debby sosai, ka shafa mini kan Benjamin. Allah ya haɗa fuskokinmu cikin salama.

Taka ƙanwa,
Lydia