Bututun da Ke Kallon Tagar Ɗana

Daga: Maman Ƙarami, gidan da ke jingine da katangar masana'antar amino asid
Zuwa ga: Mai girma Shugaban Sashen Kula da Muhalli
Kwanan wata: 9 ga Mayu

Game da: Iskar da masana'anta ke hura wa ɗakin ɗana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Mijina ma'aikaci ne a masana'antar. Aikinsa renon ƙwayoyin bakteriya a manyan tankuna: a ba su ruwan sukari, su tsima shi, su fitar da amino asid da ake zubawa a abincin kaji. A cewarsa, ba a bari su ji zafi ko sanyi, iskar da suke shaƙa ma sai an tace. Ina taya su murna.

2. Iskar da suka gama da ita kuwa, tun da aka ƙara sabon tanki a watan Janairu, ta bututu take fitowa, bututun kuma tagar ɗana yake kallo. Warinta kamar na ƙullun da aka manta a rana. Yaron ko yaye bai kai ba, ƙirjinsa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Likita ta ce in riƙa buɗe masa taga ya sha iska mai kyau. Na yi mata godiya.

3. Na je wurin manaja. Ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ce ai hanci ne, zai saba. Nasa ofishin yana can gefen da iska ba ta bi.

4. Ranar 22 ga Afrilu jami'anku suka zo bincike, bayan sun sanar da zuwansu kamar yadda tsari ya tanada. Masana'anta ta ga babu ranar da ta fi dacewa da wanke tankuna irin wannan. Aka kashe komai, jami'anku suka auna iska, suka same ta lafiya lau. Ban ƙaryata su ba. Ranar ce kaɗai Ƙarami ya yi barcin rana ba tari.

Don haka ina roƙo a ɗaga bututun ko a juya shi. Ban ce a rufe masana'anta ba, a can muke ci. Mijina bai san na rubuto ba, don Allah kada manaja ya ji matar wa ce.

Ina kuma roƙo a sake zuwa ba sanarwa. In doka ta hana haka, to a yi ta sanarwar, ranka ya daɗe, kullum in da hali, ko da ba za a zo ba. Yaron zai samu ya numfasa.

Da dukkan ladabi da biyayya,
Maman Ƙarami