Na ga ƙanena ya sunkuyar da kai a bidiyon, na ce masa ban gani ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai waɗanda suka san ni a nan. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan akwai saƙo a wayata na kasa ba shi amsa, ko abinci ba ya yi mini daɗi.

Ni mai gyaran jikin mota ne a Apo, nan Abuja, shekarata goma sha bakwai ina buga ƙarfe, gidana kuma a Dutse Alhaji yake, ni da matata da yara da Innarmu. Na faɗi sana'ata ne saboda tana cikin maganar. A layinmu an san ni da ido, in aka jawo mota ta yi hatsari ina zagaya ta sau ɗaya in gaya maka daga ina aka buge ta, kuma wa ya fara taɓa wani. Direbobi har rantse-rantse suke yi a gabana, ni dai in nuna musu inda fenti ya goge, magana ta ƙare. Ƙanena, wanda zan kira Auta don shi ne autanmu, ya taso yana ganin wannan, a wurinsa in Yaya ya duba abu ya ce ga yadda yake, to haka yake.

Babanmu ya rasu Auta yana da shekara shida, ni na riƙe shi. Yaro ne mai jiki tun yana ƙarami, amma ga sanyi, yaran unguwa da ba su kai shi ba su suke dukansa ya dawo yana kuka. Abin ya ishe ni, ni kuma na yi kokawa a ƙauyenmu kafin mu dawo Abuja, sai na riƙa kai shi kan tulin yashin masu gini a bayan gidanmu ina koya masa. Kamu ɗaya na fi iyawa, shi na dasa masa, ka sauke haɓarka, ka sa tsakiyar kanka a ƙirjin mutum, ka tattaro cinyoyinsa ka ɗaga. Na maimaita masa wannan ya fi a ƙirga, in ya ɗago fuska in doke masa ƙeya in ce sauke kai. Kafin ya gama firamare babu yaron da ke tarar gabansa, har Rago suke kiransa saboda tunkuyinsa irin na ragon layya, ni kuwa ina ta fankama da shi a shago.

Yana sakandare wasu mutane suka zo Abuja suna gwada yara masu tsayi da ƙarfi, suka ɗauke shi, daga nan Allah ya yi masa hanya, wata jami'a a Amurka ta ba shi gurbin karatu kyauta a kan ya buga musu ƙwallo. Ba irin tamu ba ce, irin tasu ce da ake sa hular kwano da kafaɗun roba, mutum ya rungume ƙwallo yana gudu ana bin sa ana kayarwa. Aikin Auta shi ne kayarwar. Ranar da na gane haka dariya na yi, na ce ashe kokawata ce ta hau jirgi. Duk Asabar in wasansu ya faɗo da yamma a lokacinmu, nakan rufe shago da wuri, in sayi data, mu zauna a tsakar gida da Inna. Ita ba ta gane komai a wasan, lambar rigarsa kawai take nema, in ta gan ta sai ta ce ga shi can, Allah ya tsare.

Suna da wata doka da suke kira tagetin. A taƙaice, ba a yarda ka sunkuyar da kai ka soki mutum da tsakiyar hularka ba. In alƙalin wasa ya ga kamar an yi, sai ya jefa wani ƙyalle rawaya a ƙasa, a tsayar da wasa, a je a sake duba bidiyo kamar VAR ɗin ƙwallonmu. In suka tabbatar, an kore ka daga wasan ke nan, in kuma bayan hutun rabin lokaci ne, har rabin wasa na gaba ba za ka buga ba. Auta ya taɓa gaya mini kocinsu yana yawan yi masa faɗa a kan ya riƙa ɗago fuska yana kallon wanda zai kayar, ni kuma na ce masa Turawa dai da iyayi.

Wata biyu da suka wuce aka jefa masa ƙyallen nan. Ya kayar da wani yaro, kamu mai kyau a idona na farko, har na miƙe ina ihu, sai ga alƙali ya nufi allon bidiyo. Suka yi ta maimaitawa, gaba da baya, masu sharhi biyu ma suna musu a tsakaninsu, ɗaya na cewa kafaɗa ce ta fara taɓawa, ɗaya na cewa kai ne. Aka tabbatar, aka kore shi, na ga ƙanena yana tafiya shi kaɗai da hula a hannu ana yi wa alƙali ihu. A intanet kuwa rigima ta tashi, rabin mutane na cewa an zalunce shi. Washegari na nuna wa mutanen layinmu bidiyon, Oga Bitrus mai gyaran giyar mota da ke kusa da ni ya kalla sau ɗaya ya ce, "Oga, wannan referee ba shi da gaskiya, sun ga yaro baƙo ne kawai." Kowa ya ce haka ne, ni ma na ce haka ne.

Amma da kowa ya koma bakin aikinsa, na zauna a cikin wata mota da nake gyarawa na rage gudun bidiyon. Kusurwa biyu aka ɗauka. Ta gefe, wallahi kamar kafaɗa ce. Ta baya kuwa, taku ɗaya kafin ya isa ga yaron, na ga haɓarsa ta sauka. Na mayar, na sake mayarwa, ya fi sau ashirin, ina neman abin da zai ƙaryata idona ban samu ba. Ba sunkuyon tsautsayi ba ne, kamuna ne, irin na kan yashi, har yadda yake buɗe hannuwa. Alƙalin nan ya yi daidai, kuma na san haka tun ranar Lahadin.

Da yammacin ranar Auta ya kira ni. Ƙaton mutum irin wannan, yana kuka kamar lokacin da yake ɗan shekara bakwai. Ya ce koci ya ce sai ya sake koyon kayarwa daga farko, ya ce abokan wasansa wasu na cewa an cuce shi wasu na yin shiru, ya rasa wa zai yarda da shi. Sai ya ce, "Yaya, kai ka duba mini. In ka ce na sunkuya, na sunkuya." Ni kuma na buɗe bakina na ce masa na duba sau ashirin, kafaɗa ce, an zalunce ka. Ban tsaya nan ba, da na ji ya daina kuka sai daɗi ya ɗebe ni, na ƙara da cewa kada ka bari su canza maka hannu, wannan kamun shi ya kai ka inda kake. Ya yi ajiyar zuciya ya ce dama ya sani, Allah ya bar masa Yaya.

Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne ya sa, yaro shi kaɗai a ƙasar mutane yana kuka, wa zai ƙara masa? Akwai tausayin, ba zan musa ba. Amma tun da na ɓoye suna bari in faɗi sauran, in na ce ya sunkuya, to na ce abin da na koya masa shekara da shekaru kuskure ne, kuma shi ne abu ɗaya tak da nake taƙama na ba shi. Ban yi boko ba, ban san hanyar filin jirgi ba sai ranar da na raka shi, kamun nan ne kawai rabona a cikin ɗaukakarsa. Na ƙi sakin sa.

Matata ta gane, don ta gan ni ina ta mayar da bidiyon a ɗaki fuskata a ɗaure. Ta tambaye ni, na gaya mata. Mun yi faɗa sosai a kai, ta ce ita ba ta san ƙwallo ba amma ta san mutane ba sa kafa doka a kan kai don wasa, in kira shi in gyara maganata. Na ce mata abin ya wuce, rabin wasa ne kawai zai rasa, kuma ta daina sa baki a tsakanina da ɗan uwana. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai ta abinci. Daga baya na ji daga bakin Auta da kansa, yana dariya, cewa ya yi musu da koci, ya ce masa yayansa da ya ƙware a duba hatsari ya kalla ya ce babu laifi.

Sati uku bayan nan, muna zaune da Inna bayan la'asar, ya sake yin kamun. Wannan karon wancan yaron ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, Auta ne bai tashi ba. Yana kwance rub da ciki, hannuwansa a yadda suka faɗi. Inna ta ce me ya sa ba ya tashi, na ce hutawa yake, na juya fuskar wayar ta daina gani. Abin da ba zan manta ba, ana ɗaure masa wuya a kan katako ana ɗora shi a ƙaramar mota, alƙalai kuma suna can gaban allonsu suna duba bidiyo, suka dawo suka sanar cewa tagetin ne, an kore shi. An kori mutumin da ba ya iya motsa yatsa. Da a ce ban san abin da na sani ba, da na tsine musu, amma a ranar ban samu bakin zagin kowa ba.

Ƙashi ne ya tsage a wuyansa. An yi masa aiki, alhamdu lillah yana tafiya da ƙafarsa yanzu, sai yatsu biyu na hannun hagu da har yau ba ya jin su sosai. Likitoci sun ce ƙwallo kam ta ƙare har abada, makarantar dai ta ce zai ƙarasa karatunsa. Likitocin sun kuma yi masa bayani cewa dokar nan ba don wanda aka soka kaɗai aka yi ta ba, wanda ya sunkuya shi ya fi shiga hatsari, don wuya ne ke ɗaukar duk nauyin. Inna kuwa har gobe Allah ya isa take ja wa alƙalin farko, ta ce shi ya ɓata wa yaronta rai har hankalinsa ya rabu. In tana yi sai matata ta tashi ta shiga kicin, ba ta taɓa tona ni ba, ba ta kuma taɓa ce mini ai na gaya maka ba, kuma wannan shirun nata ya fi mini zafi.

Duk kwanakin asibiti ni yake kira kullum. Yana ce wa ma'aikatan jinya yayansa ne babansa. Ya taɓa ce mini a duk duniya ni kaɗai na tsaya masa lokacin da kowa ke shakka. Ina jin wannan ina cewa ba komai Auta, ai dole ne, in kashe waya in shiga bayan shago in yi kukana in wanke fuska.

Yanzu yana zaune a ɗaki da abin tallafe wuya na asibiti, ba shi da aiki sai kallon tsofaffin wasanninsa. Shekaranjiya waccan ya turo mini bidiyon farko, na kusurwar baya, ya rage gudunsa da kansa, ya tsayar daidai inda haɓar ta sauka. Ya haɗo da saƙon murya, muryarsa a sanyaye, ba faɗa, ba komai. Ya ce, "Yaya, ashe na sunkuya. Sai yau na gani. Kai ma wannan kusurwar ba ta zo maka ba a lokacin ko?"

Ku duba fa, shi da kansa ya buɗe mini ƙofar fita. In na ce e, ba ta zo mini ba, magana ta mutu, zai yarda, don bai taɓa ƙaryata ni ba. Amma ƙarya ta biyu ke nan a kan ta farko, kuma ta farkon na ga abin da ta ci. In kuma na ce na gani, to na gaya wa yaron da ko juya wuya ba ya iya yi, shi kaɗai a ɗaki a wata ƙasa, cewa mutumin da yake kira baba ya ga ramin ya ce masa wuce. Ban san ko don shi nake so in faɗa ba ko don in sauke wa kaina nauyi. Matata ta ce in faɗa yanzu tun da ya tambaya. Ni kuma wani lokaci sai in ga gara in jira ya zo hutu, in zaunar da shi a gabana, in ya ga dama ya mare ni, amma hutun saura wata biyar, me zan ce masa kafin nan?

Don Allah masu ƙanne, da waɗanda aka taɓa yi wa irin wannan, ku gaya mini. In faɗa masa a waya, ko in jira, ko in tafi da ita kabarina? In kai ne Auta, wanne za ka so? Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma ku haɗa da shawara, don ba ni da lokaci. Yana ganin alamar na saurari saƙon tun ranar. Ɗazu ina tsakiyar rubuta wannan wani saƙon nasa ya sake shigowa, kalma uku ne kawai: "Yaya, kana nan?"