Ruwan Famfo Ya Kusa Cinye Injin Nafi

Manshiya, Sabha

Yayata Ɗijatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa ciwon ƙafar nan ya zama kaffara. Mu ma nan lafiya lau. Lado na nan yana fama da garejinsa, Batul kuwa ta fara tafiya, har tana korar kajin maƙwabta.

Yaya, maganar injin wankin da na yi wa 'yarki Nafi alkawari cikin kayan ɗakinta ce ta sa na rubuto. Kin san sabo dal na saye shi bara, na ce bari in ɗan taɓa wankau da shi kafin biki ya zo. Ashe ban san halin ruwan garin nan ba. In kin gan shi a kofi garau yake, amma zartsi ne tsantsa. Ki zuba omo har hannunki ya gaji, kumfa ba za ta tashi ba, sai wani dauɗa-dauɗa da ke yawo a sama. Butar lantarkinmu ta yi ɓawo fari a ciki kamar an shafa mata alli, ko na jiƙa ta da lemun tsami ba ta jimawa ya dawo. Gashin Batul ma ya bushe kamar tsintsiya.

To, kwanakin baya Zohra, wata Balarabiya da nake yi wa wanki, ta kawo fararen kayan da 'yarta Malak za ta sa ranar walima. Ina zuba su injin ya kama ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, can ya tsaya cak da ruwa a cikinsa. Da na ciro kayan sun yi toka-toka, da suka bushe kuma suka sandare kamar kirgi. Na ce ko guga za ta rufa mini asiri. Ina ɗora dutsen guga, maimakon tururi sai ya tofo wani jan ruwa da garin alli a ƙirjin rigar yarinya. Wallahi da Zohra ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kallon rigar kawai ta yi, ta ninke ta, ta ce ba za ta ƙara wahalar da ni ba. Ba a jima ba gidan ƙanwarta ma suka daina aiko kaya.

Mas'ud mai gyara, wani ɗan Damagaram, shi ya zo ya kwance injin. Ƙarfen da ke dumama ruwa ya lulluɓe da ɓawo mai kaurin ƙanzon tuwo, tiyon kuma ya toshe. Lado ya ce tunda ya zo ya duba mana sakhana, wato tankin dumama ruwan wanka. Yaya, da ban tsaya a wurin ba! Tsakuwa ce ta zubo cike da bokiti, sannan wani abu mai yauƙi kamar kunun da ya kwana, ga ƙarni. Da abin nan nake yi wa jaririyata wanka, da shi nake dafa shayi. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Lado ya kai wa maigidan haya, Ezzeddin, ƙorafi, sai ya yi dariya ya ce kakansa wannan ruwan ya sha har ya ga tattaɓa-kunne, wanda bai so ga masu sayar da tataccen ruwa nan a bakin titi. Yanzu shi muke saye mu sha, amma wa zai iya wankau da ruwan jarka?

Mas'ud ya sa sabon ƙarfe, injin ya tashi. Sai dai ya faɗa mini gaskiya, in na ci gaba da ba shi ruwan nan ba zai kai baɗi ba. Don haka na goge shi tas, na mayar da shi kwalinsa, Lado ya ɗaure da igiya. Zai biyo motar kaya ta Agadas zuwa Daura. Ki gaya wa Nafi an taɓa gyara shi, ba na son ta ji a bakin wani. Ni kuma na koma wankin hannu. Yatsuna duk sun tsattsage, da ƙyar na riƙe biron nan, amma ruwan Sabha ba zai hana 'yata shiga ɗakinta da abin da na ce ba.

Ki gaida Inna da kyau, ki ce ta sa mu a addu'a. Ki gaida Malam, da Kawu Sabiru, da Asma'u da 'ya'yanta, da amarya Nafi. Lado na gaishe ku.

Ƙanwarki,
Zakiyya